Dogon Hutu a Gaɓar Tekun Ghana da Kuɗin Adashi

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma kowace shekara sai na zana gaɓar tekun Afirka ta Yamma a kan allo, in nuna wa ɗalibai inda kogin Kwara ya shiga teku da inda kogin Volta ya shiga, in yi musu bayanin yadda igiyar ruwa ke cin ƙasa. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni cikin ladabi ko na taɓa tsayawa a bakin teku da ƙafata. Na faɗa mata gaskiya cewa ban taɓa ba, in ban da ruwan da na hango ta tagar mota daga kan gada a Legas. Tambayar ta zauna mini a rai har na isa gida, domin na lura cewa 'ya'yana ma haka za su tashi, suna jin labarin teku kamar labarin wata duniya, alhali tafiyar kwana biyu ce kawai a mota tsakaninmu da shi.

A wannan daren na yi shawara da uwargida, muka yanke cewa za mu shiga adashin malaman makarantarmu, mu roƙi a ba mu ɗaukar watan Yuli, domin kuɗin su zo daidai da dogon hutu. Wata goma muka yi muna zubi. Mutane da yawa a wajenmu sun ɗauka cewa zuwa bakin teku da tsibirai sha'ani ne na masu hannu da shuni, waɗanda ke hawa jirgin sama su sauka a otal mai tsada, kuma ni ma haka na ɗauka kafin in zauna da biro da takarda. Abin da lissafi ya nuna mini shi ne cewa tsadar ba a tekun take ba, a jirgin sama take da otal da abincin da ake dafa wa baƙi na musamman, kuma duk waɗannan ukun akwai hanyar kauce musu ga mutumin da ya yarda ya bi mota, ya kwana inda talakawan gari ke kwana, ya ci abin da suke ci.

Na zaɓi Ghana saboda dalilai da na auna ɗaya bayan ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, don haka kuɗin biza da zirga-zirgar ofishin jakadanci sun fita daga lissafi. Wanda ba shi da fasfo yana iya neman takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, wadda ta fi fasfo sauƙin kuɗi, kuma ita muka yi wa yaran biyu, yaro mai shekara goma sha uku da ƙanwarsa mai shekara tara. Abin da ba a sakaci da shi shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin rawaya, domin ana tambayarsa a kan iyaka, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Mun yi tamu tun a watan Yuni.

Dalili na biyu ya shafi yanayi, kuma a nan ne aikina ya yi mini rana. Watan Agusta a Zariya tsakiyar marka ne, amma a gaɓar tekun Ghana ba haka abin yake ba. Damina biyu suke yi a shekara: babbar tana farawa wajen Afrilu ta yi ƙarfi a Yuni, ƙaramar kuma tana zuwa wajen Satumba zuwa Nuwamba, sai Agusta ya faɗo a tsakaninsu, ruwan sama ya ja baya. A daidai lokacin ne kuma ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku zuwa sama, iska ta yi sanyi, kifi ya yawaita kusa da gaɓa. Sararin sama yakan kasance a lulluɓe da gajimare, don haka wanda ke neman rana mai ƙyalli irin ta hotuna ba lallai ya same ta ba, amma ga mai tafiya da yara wannan alheri ne, domin ana iya wuni a waje ba tare da zafi ya galabaitar da kowa ba. Ga shi kuma ba lokacin Disamba ba ne, sa'ad da 'yan ƙasar mazauna waje ke dawowa gida farashin masauki ya tashi.

Mun bar Zariya da yamma a doguwar mota, muka isa Legas washegari, muka kwana a Agege wajen ɗan'uwan uwargida. Da asuba muka nufi tashar Mile 2, inda ake samun motocin da ke bi ta Badagry zuwa kan iyakar Seme. Daga Legas zuwa Accra tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ake ƙetarewa: ta Najeriya da Jamhuriyar Benin, ta Benin da Togo, sannan ta Togo da Ghana a Aflao. Akwai motocin kamfani da ke ɗaukar mutum kai tsaye, su riƙe takardun fasinjoji su kai a buga musu hatimi, akwai kuma bin ƙananan motoci daga iyaka zuwa iyaka, wanda ya fi araha. Da za mu tafi mun bi ƙananan, da za mu dawo muka hau ta kai tsaye, kuma bayan na gwada duka biyun ra'ayina shi ne mai tafiya da iyali ya biya kuɗin ta kai tsaye. Rarar da muka samu a tafiya ba ta kai wahalar sauke kaya da ɗora su sau huɗu ba, ga 'yan kamasho na jan jaka ta ko'ina, ga yarinya ƙarama riƙe a hannu.

A ɗaya daga cikin iyakokin ne muka yi asarar da ita kaɗai muka yi a dukan tafiyar. Wani mai canji ya ƙirga mini kuɗi a gabana da sauri, na karɓa na zuba a aljihu saboda direba na ta kira, sai da muka yi nisa na sake ƙirgawa na ga ya ninke wasu takardun gida biyu ya ƙirga su sau biyu. Kuɗin ba su da yawa, amma kuɗin abincin rana guda ne na mutum huɗu. Tun daga nan ba na canza fiye da abin da zai kai mu gari na gaba, kuma sai na ƙirga da hannuna kafin in miƙa nawa. Sefa ɗaya ce ake kashewa a Benin da Togo, irin wadda ake kashewa a Nijar, sai an shiga Ghana a koma sidi. Agogo ma yana canzawa, domin Togo da Ghana suna bayan Najeriya da awa ɗaya, abin da ya kamata matafiyi ya tuna saboda lokutan salla.

Tekun da muka yi wata goma muna tara kuɗi dominsa, a cikin mota muka fara ganinsa. Bayan an shiga Togo hanya takan matso kusa da gaɓa, itatuwan kwakwa su jeru, sai ga wani shuɗi-shuɗi mai duhu ya bayyana a tsakaninsu, ba shi da ƙarshe ta kudu. Yarinyar ce ta fara hango shi, ta kama hannun mahaifiyarta ta ce, "Umma, ina ɗaya gefen?" Duk ruwan da ta taɓa gani, daga Kubanni har madatsar Shika, yana da ƙetare, ana hango mutane da shanu a can. Mahaifiyarta ba ta amsa ba, domin ita ma kallo take yi. A Lome hanyar tana bin bakin teku har zuwa ƙofar iyaka, don haka muka shiga Ghana da ƙafa muna jin rugugin ruwa a hagunmu.

Ba mu wuce Accra kai tsaye ba, kuma wannan ita ce shawarar da na fi alfahari da ita. Motar da ta taso daga Aflao tana ƙetare kogin Volta a gadar Sogakope, kaɗan gaba kuma sai mahaɗar Kasseh, inda muka sauka muka hau tasi zuwa Ada Foah, garin da ke daidai inda Volta ke shiga teku. Mutanen wurin suna yin babban bikinsu na Asafotufiami a makon farko na Agusta, gari ya cika, ɗakuna su yi wuya, saboda haka muka tsara isowarmu bayan an watse. A bakin kogin akwai manyan gidajen hutu na masu kuɗin Accra, da jiragen ruwansu na wasa a ɗaure. Mu kuwa kwale-kwale muka shiga, ya wuce da mu ƙauyen masunta na Azizanya zuwa wani siririn harshen yashi da ya raba kogi da teku, inda ake da sansanonin bukkoki na haya.

Bukkar da muka kama da ganyen kwakwa aka yi ta, daɓenta yashi ne, a ciki akwai gado biyu da gidan sauro, wanka kuma da bokiti ake yi. Wutar lantarki ta 'yan awoyi ce da dare. Kuɗin kwana uku a nan bai kai na kwana ɗaya a gidajen da muka wuce ba, kuma abin da muka samu ba na jin mazauna waɗancan gidajen sun same shi. Idan mutum ya fito ƙofa ya dubi arewa, kogi ne kwance lumui, kwale-kwale na ratsa shi ba ƙara. Idan ya juya ya taka yashi na minti biyu ko uku, sai ga Atilantika yana tasowa kamar bango yana faɗuwa, ƙasa na amsawa a ƙarƙashin ƙafa. Daren farko ban yi barci sosai ba saboda wannan ƙara, na tashi na zauna a waje ina tasbihi, ina tunanin shekarun da na yi ina bayanin abin da ban taɓa jin sautinsa ba.

Da asuba yaron ya tambaye ni, "Baba, alwala tana yiwuwa da ruwan gishiri?" Na tuna masa hadisin da aka koya mana tun muna islamiyya, wanda a cikinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Mun haddace shi a garin da babu teku, muna ɗaukarsa hukuncin wasu mutane can nesa. Ran nan muka tsuguna a inda kumfa ke ƙarewa, muka yi alwala da shi, gishiri na yi mana zafi a leɓe, muka shimfiɗa darduma a kan yashi, teku na hannun damanmu muna fuskantar alƙibla. Da yake zamanmu a wurin bai kai kwana huɗu ba, ƙasaru muka riƙa yi.

Dole in yi magana a kan hatsarin wannan ruwa, domin shi ne abin da ya fi damuna kafin mu tafi da kuma muna can. Tekun wannan yanki ba wurin koyon iyo ba ne. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan taru ya nemi hanyar komawa, sai ya buɗe wata siririyar hanya mai ƙarfin ja, wadda takan ɗauke ko da gwanin iyo ta yi ciki da shi. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne cewa wannan wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, domin igiya ba ta fashewa a kansa sosai. Wanda ya faɗa ciki ba a so ya yi kokawa da ruwan yana neman komawa gaɓa kai tsaye, ana so ya bi gefe har ya fita daga hanyar. Mafi yawan wuraren da muka je babu mai tsaron masu wanka, don haka dokarmu ita ce ruwa ba ya wuce gwiwa, kuma yaro ba ya shiga sai babba na riƙe da shi. Kogin ma, duk da kwanciyarsa, ban bar su sun yi wanka a kusa da ƙauyuka ba, saboda tsargiya sananniyar cuta ce a ruwan Volta. Uwargida da 'yarta da dogayen riguna suka shiga, babu wanda ya dube su sau biyu, musamman da yake da safe muke fita a ranakun aiki, lokacin da babu kowa sai masunta. Ranakun Asabar da Lahadi ne masu kiɗa da shaye-shaye ke zuwa daga birni.

Masuntan nan su ne suka ciyar da mu. Da sassafe kwale-kwale yakan fita da wata doguwar koma, ya zagaya da ita cikin teku ya dawo da bakin igiya, sai mutane su kasu layi biyu a kan yashi su yi ta ja, maza da mata da yara, suna waƙa don ƙafafunsu su daidaita, wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya koma gaba. Aikin yakan ɗauki awoyi. Yarona ya tsaya yana kallo, wani dattijo ya yafito shi da hannu, ya shiga layi ya ja har tafin hannunsa ya yi ja. Da koma ta fito, kifi na ta tsalle a cikin ciyawar ruwa da tarkacen leda, aka ware masa 'yan ƙananan kifaye a matsayin ladansa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sa hannu. Na ƙara sayen wasu daga hannun matan da ke ciniki a wurin, muka ba mai dafa abincin sansanin ta soya mana da ɗan abin hasafi, muka ci da dokunu da yajinsu mai duhu da suke kira shito. Tarkacen ledar nan kuwa gaskiya ce da ba zan ɓoye ba: teku yana dawo wa mutane da duk abin da suka zuba masa, kuma akwai safiyar da muka tarar da gaɓar cike da robobi.

A rana ta biyu muka shiga tsibiran da ke cikin bakin kogin. Suna da yawa, wasu babu kowa a kansu, wasu kuma kamar Pediatorkope ƙauyuka ne sosai har da makaranta. Ɗaukar shatar jirgi mai inji yana da tsada ga iyali ɗaya, don haka muka haɗa kuɗi da wasu ɗaliban jami'a 'yan Ghana da muka tarar a sansanin, kowa ya biya rabonsa. Abu ɗaya ne na ƙi yin rangwame a kansa, wato rigar kariya ta ruwa. Mai jirgin farko ba shi da ita, ya ce ruwan ba shi da zurfi, na ba shi haƙuri muka jira na biyu wanda ya fi shi tsada. Mu da muke jin labarin kifewar jiragen ruwa a Neja da Kebbi kusan kowace damina bai kamata a roƙe mu kafin mu nemi wannan riga ba. A tsibirin da muka sauka mun tarar da mata na saƙa tabarmi, ga tulin ɓawon wani dodon koɗi na kogi da ake nutso a kwaso, a ci naman, a sayar da ɓawon. Wani saurayi ya hau kwakwa ya sassaro mana ɗanyu, ya fasa da adda, yaran suka sha ruwan suka kankare farin naman da ɓallin ɓawon.

A matsayina na malamin labarin ƙasa, abin da ya fi tsaya mini a Ada shi ne ganin yadda teku ke cinye garin. Turawan Denmak sun gina wata ganuwa a nan a 1783 mai suna Kongenstein, yau kuwa ruwa ya lashe mafi yawanta. Volta kogi ne da rassansa ke tasowa tun daga Burkina Faso, kuma a da yakan kwaso yashi da laka ya zuba a bakin teku, ya mayar da abin da igiya ta ɗebe. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, sai mafi yawan wannan yashi ya riƙa kwanciya a bayan madatsar, gaɓar ta rasa mai ciyar da ita. Madatsar ta ba ƙasar wutar lantarki, amma mutanen Ada da na garin Keta da ke gabas da ita sun biya wani ɓangare na farashin da gidajensu. An jera manyan duwatsu a gaɓar don rage ɓarnar. Na ɗauki hotunansu da yawa domin aji.

Daga Ada muka wuce Accra, wadda tsofaffin fatakenmu ke kira Ankara, kuma a nan ne na ga amfanin dalili na uku da ya sa na zaɓi Ghana. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja Hausawa ke zuwa wannan ƙasa, kuma kusan babu babban garin da ba shi da zango. Wani abokin aikina ya haɗa ni da ƙanin mahaifinsa a unguwar Nima, dattijon ya karɓe mu kamar ya san mu shekara da shekaru, ya ce, "Malam, ai baƙon ɗana baƙona ne, ku shigo." Ya ba mu ɗaki kwana biyu, ya ƙi karɓar ko sisi, mu kuma muka sauke masa tsarabar kilishi da dabino da muka tanada domin haka. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, ba su cika rarrabe namiji da mace a magana ba, amma babu abin da ya shige mana duhu. Da safe koko da ƙosai ake sha, kuma duk Ghana da sunan Hausa ake kiran wannan kokon. Da rana akwai waakye, wato wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, ga tuwon zafi, ga tsire. Cin abinci a zango ya warware mana matsala biyu a lokaci guda, ta araha da ta halal, domin a wasu wuraren cikin gari ana sayar da naman alade kuma sai mutum ya tambaya. Mun yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin da aka yi shi da fasalin masallatan Turkiyya. A Accra ba mu je bakin teku ba, domin sanannun wuraren ana biyan kuɗin shiga kuma hayaniya ta yi yawa.

Zangonmu na ƙarshe shi ne Cape Coast, kimanin kilomita 150 yamma da Accra. A tashar Kaneshie muka hau ƙaramar bas irin wadda suke kira trotro, muka sauka muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwar Kotokuraba, inda Musulmi ke da yawa. Kakum, dajin da ake tafiya a kan gadojin igiya a saman itatuwa, yana kusa, yaran kuma sun so zuwa, amma da muka duba littafin da uwargida ke rubuta duk abin da aka kashe sai muka ga dole a zaɓi ɗaya, ko dajin ko gidajen bayi. Muka zaɓi gidajen bayi. Baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa a ƙofa, amma ana rage wa yara da ɗalibai, don haka katin makaranta yana da amfani a aljihu.

Elmina tana da tazarar 'yar gajeriyar tafiya a tasi. A can, a 1482, Turawan Fotugal suka gina gidan da daga baya aka riƙa tsare bayi a cikinsa, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Mai yi mana jagora ya shigar da mu ɗakunan ƙasa inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo, ya rufe ƙofa na ɗan lokaci don mu ji duhun da ƙarancin iskar, sannan ya kai mu wata siririyar ƙofa da ke fuskantar teku, wadda duk wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa. Ya ambaci cewa da yawa daga cikin waɗanda aka kawo nan daga arewa aka koro su da ƙafa, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da fatakenmu suka sani sarai. Yarona ya dube ni, ni kuma ban sami abin da zan ce masa a lokacin ba. Da daddare muka zauna muka yi maganar a tsanake, na gaya masa cewa wannan ciniki yana da masu saye a bakin teku, yana kuma da masu kamawa da masu sayarwa a cikin ƙasa, kuma bai dace mu karanta rabin tarihin mu bar rabi ba. Daga saman ginin ana ganin ɗaruruwan jiragen masunta masu fenti da tutoci a mashigar Benya. Ranar Talata muka je, ranar da masuntan wannan yanki ba sa fita teku bisa al'ada, don haka duk suna gida suna ɗinkin koma. Washegari muka wuni a Brenu, wani bakin teku mai tsabta da inuwar kwakwa a yamma da Elmina, muka ci guzurinmu na garin rogo da ƙuli-ƙuli da dambun nama, yarinyar ta cika gwangwani da ƙananan ɓawo masu launi.

Kwana goma sha biyu muka yi daga fita zuwa dawowa. Da muka zauna da littafin uwargida, kusan rabin kuɗin a mota suka tafi, masauki ya ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuma abinci ne da jirgin ruwa da kuɗin shiga wurare da tsaraba. Takardun tafiya da allura daban muka yi musu tanadi tun kafin adashin ya fito. Ban rubuta adadin naira ba da gangan, domin canji yana motsi kuma abin da na biya zai iya ɓatar da mai shiri a baɗi. Mun ware wani abu da ba mu taɓa ba saboda rashin lafiya ko lalacewar mota, muka dawo da shi cif, ya zama kuɗin littattafan sabon zangon karatu. Da zan sake tsara tafiyar, zan rage kwana ɗaya a Accra in ƙara shi a Ada, kuma zan taho da rigunan sanyi masu ɗan kauri, domin iskar asuba a kan yashin nan ta fi abin da muka zata.

A mahaɗar Kasseh, lokacin da motar dawowa ta tsaya, na sayi ƙullin gishirin da ake kwasowa daga tafkin Songor da ke yamma da Ada, manyan ƙwayoyi masu ɗan duhu. Rabi na kai wa mahaifiyata, rabi kuma na zuba a kwalba na ajiye a ofis tare da kwalbar yashi da hotunan duwatsun da aka jera a gaɓa. A makon farko na komawa makaranta na shiga ajin yarinyar da ta yi mini tambayar, na ɗora kwalaben biyu a kan tebur, na ce kowa ya zo ya taɓa kafin mu buɗe littafi.